Gaɓar Amalfi a Italiya: Jirgin Ruwa, Bas, Hayar Mota, Babur ko Shatar Direba?

Gaɓar Amalfi tana yankin Campania a kudancin Italiya, kudu da birnin Napoli. Ƙananan hukumomi 13 ne, akasarin garuruwansu a manne da duwatsun da ke gangarowa kai tsaye cikin teku, daga Positano a yamma har Vietri sul Mare a gabas. Tun 1997 UNESCO ta sa ta cikin jerin wuraren gadon duniya. Mai shirin zuwa yakan ƙarar da hankalinsa wajen zaɓen otal, ya bar maganar abin hawa sai ya sauka. A wannan gaɓar kuwa abin hawan ne ke yanke garuruwa nawa za ka gani a yini, nawa za su fita daga aljihunka, da kuma ko za ka koma masauki da sauran ƙarfi a jikinka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Titi ɗaya tak ke bin bakin tekun, wato SS163, mai tsawon kimanin kilomita 50, wanda aka sassaƙa a jikin dutse a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin keken doki. Akwai kwanonin da bas biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ta ja da baya. Jirgin ƙasa bai ratsa gaɓar ba, tasharsa ɗaya ce a Vietri, can bakin gabas. Don haka zaɓin bai wuce biyar ba: jirgin ruwa, bas, hayar mota ka tuƙa da kanka, babur, ko shatar mota da direbanta.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin tikiti kawai ba, har da na fakin, na kaya, inshora da tara. Na biyu ɗorewa: shin abin hawan yana nan duk shekara, kuma za ka iya dogara da shi in yanayi ya canja? Na uku sauƙi, musamman ga mai akwatuna, mai ƙananan yara, ko mai tafe da dattijo, domin garuruwan nan na matakala ne. Na huɗu haɗari ga jiki da aljihu. Na biyar, ina da ina yake kai ka, tun da ba kowane gari ke bakin ruwa ba. Farashin da ke ƙasa da yuro ne, kuma kimantawa ce, domin kamfanoni na sabunta shi kusan kowace shekara.

Jirgin ruwa

Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, wannan shi ne ya kamata ya zama ginshiƙin tafiyarka. Kamfanin Travelmar na haɗa birnin Salerno, wanda ke gabas da gaɓar, da Cetara, Maiori, Minori, Amalfi da Positano. Wasu irin su Alilauro da NLG na zirga-zirga ta ɓangaren Sorrento, garin da ke bayan dutse ta yamma da gaɓar, da tsibirin Capri. Daga Salerno zuwa Amalfi kimanin minti 35 ne, daga Amalfi zuwa Positano minti 20 zuwa 25. Tafiyar Salerno zuwa Amalfi ɗin nan a bas takan ci awa ɗaya da kwata, in ma babu cunkoso ke nan.

Kuɗinsa ya ninka na bas sau uku ko fiye, kowace tafiya tsakanin yuro 10 da 20 gwargwadon nisa, kuma babban akwati yana da nasa kuɗin daban. Amma abin da kake saye ya wuce sauri. An gina garuruwan nan ne suna fuskantar teku, domin ta nan mutanensu ke shiga da fita tun zamanin da Amalfi ke jamhuriyar 'yan kasuwar teku. Gidajen Positano da suka hau kan juna har saman dutse, da ƙubbar cocin Santa Maria Assunta mai ado da tayil masu launi, daga kan ruwa kaɗai ake ganinsu gaba ɗaya. Wanda ya shigo ta titi bayan garin yake fara gani. Kuma jirgin yana sauke ka a ƙasan gari, inda kasuwa da bakin ruwa suke.

Rauninsa uku ne, kuma ya kamata a san su tun kafin a tsara kwanaki. Na farko iska. Positano ba ta da tashar da aka killace da shingen duwatsu, 'yar gada ce kawai da ta miƙe cikin ruwa. In iskar kudu ta taso, igiyar ruwa na ɗaga jirgi tana sauke shi a bakin gadar har ba a iya ɗora tsani, sai a soke tsayawa a can ko da rana na haske tar. Amalfi da Salerno sun fi samun kariya, shi ya sa su ne na ƙarshen rufewa. Ranar da aka soke jirage, duk fasinjojinsu kan bas suke komawa, sai layin bas ya zama abin tausayi. Na biyu, jirgin ƙarshe yakan tashi ne da yamma, ba ya kaiwa dare. Mai niyyar cin abincin dare a wani gari sai ya tanadi wata hanyar komawa. Na uku, ba ya hawa dutse. Ravello tana sama da mita 350 daga matakin teku, ba ruwanta da jirgi, haka ma Scala da Tramonti. Praiano ma zirga-zirgar jirgi a can ba ta taka kara ta karya ba.

Tikitin kowane kamfani a jirginsa kaɗai yake aiki, don haka ka dubi sunan da ke jikin jirgin kafin ka bi layi. Jirage masu gudu sosai a rufe suke, ta taga kake kallo. In kallon kake so, nemi mai buɗaɗɗen bene, ka isa minti 20 kafin lokaci don samun wuri. A Salerno, tashar Concordia 'yar tafiyar ƙafa ce daga tashar jirgin ƙasa, ita kuwa Manfredi ta fi nisa, sai ka tabbatar wacce aka rubuta a tikitinka.

Bas

Kamfanin SITA Sud ke riƙe da layukan. Babu bas ɗaya da ke bin gaɓar daga farko har ƙarshe: akwai ta Sorrento zuwa Amalfi ta Positano, akwai ta Amalfi zuwa Salerno, sai masu hawa Ravello, Scala da Agerola. Duka a dandalin Flavio Gioia da ke bakin ruwan Amalfi suke haɗuwa, a nan ake canji. Daga Sorrento zuwa Amalfi fiye da awa ɗaya da rabi ne, daga Amalfi zuwa Ravello kusan rabin awa.

Wajen araha babu na biyunta, yuro kaɗan ne kowace tafiya, akwai kuma tikitin awa 24 da ba ya wuce yuro goma da 'yan kai. Tana aiki duk shekara, tana kaiwa dare fiye da jirgi. Ana sayen tikiti tun kafin a hau, a shagunan taba masu alamar babban harafin T, ko wajen masu jarida da wasu shagunan shayi. In ka hau sai ka cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci, domin wanda ba a buga ba tamkar babu ne in mai bincike ya shigo. Shagunan kan rufe da tsakar rana ko ranar Lahadi, saboda haka ka sayi na dawowa tare da na tafiya. A jadawalin kuma, "feriale" na nufin ranakun aiki daga Litinin zuwa Asabar, "festivo" Lahadi da ranakun hutu. Baƙi da yawa kan tsaya jiran bas ɗin da ba ta fitowa a ranar saboda ba su lura da wannan ba.

Babbar matsalarta cika. A watannin Yuni zuwa Satumba bas takan cika maƙil tun daga tashar farko, in ta iso garuruwan tsakiya irin Positano, Praiano ko Cetara sai direba ya wuce bai ko rage gudu ba. Ana iya yi maka haka sau biyu a jere kana tsaye a rana, a gefen titin da ba shi da wurin raɓewa. Maganinsa shi ne ka hau daga inda take tasowa, wato Sorrento, Amalfi ko Salerno, kuma ka fita kafin ƙarfe 9 na safe. Wanda ya samu tsayuwa maimakon kujera zai sha wujijjiga a kwanoni, mai saurin jiri kuma gara ya sha magani tun kafin a tashi. Daga Sorrento kujerun dama ne ke ɓangaren teku, daga Salerno na hagu. A Positano tsayawa biyu ce: Chiesa Nuova tana can sama, Sponda ta fi kusa da tsakiyar gari. Mai kaya da ya sauka a ta saman ya haɗa kansa da ɗaruruwan matakala.

Yajin aikin ma'aikatan sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya, amma ana sanar da shi tun da wuri, sai ka duba kafin ranar da za ka kama jirgin sama.

Hayar mota

Ita ce ta fi jan hankali daga nesa, ita ce kuma ta fi sa nadama a lokacin cunkoso. Kuɗin hayar kansa ba shi ne matsalar ba, abin da ke biyo baya ne. Fili ya yi ƙaranci a garuruwan nan, har sai da aka fafe cikin dutse tsakanin Amalfi da Atrani aka yi wurin ajiye motoci na Luna Rossa. Fakin a Positano ko Amalfi kan kai yuro 5 zuwa 10 a awa ɗaya lokacin da baƙi suka yi yawa, kuma kafin hantsi ya cika. A gefen titi, shuɗin layi na biya ne, fari kyauta, rawaya kuma an keɓe shi, galibi ga 'yan gari da masu buƙata ta musamman. Tsakiyar garuruwa da dama na da alamar ZTL, wato an hana baƙuwar mota shiga. Kyamara ce ke ɗaukar lamba, babu wanda zai tsayar da kai, sai bayan watanni takardar tara ta iso, kamfanin hayar ma ya cire nasa ladan daga katinka.

Tun 2022 akwai kuma dokar lamba a kan SS163 tsakanin Vietri da Positano. A ranakun da aka ayyana na cunkoso, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma, motar da lambarta ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 ba ta bin titin a ranar watan da ita ma ta ƙare da irin waɗannan, haka masu ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8 a nasu ranakun. 'Yan gari, tasi da bas ba sa ciki. Kai kuwa ba ka san lambar motar da za a ba ka ba sai ka karɓi makulli. Ranakun da dokar ke aiki na canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka ka tambayi otal ɗinka kafin ka biya kuɗin haya.

In ka yanke shawarar tuƙin, ɗauki ƙaramar mota irin Fiat Panda. Akasarin motocin haya a Italiya masu giyar hannu ne, otomatik ta fi tsada kuma sai an yi odarta da wuri. Mai lasisin da ba na Tarayyar Turai ba galibi yana buƙatar lasisin ƙasa da ƙasa tare da nasa. Ka ɗauki hoton jikin motar ta kowane gefe kafin ka tashi, ka kuma sayi inshorar da ke ɗauke kuɗin ƙarzuwa, domin madubin gefe da ƙofofi ne ke fara gogar bango. In ka ji hon mai amo biyu kafin kwana, bas ce ke tafe kuma za ta cinye titin gaba ɗaya: tsaya nesa da kwanar, ka naɗe madubi, ka bar ta ta wuce. A gangare mai tsawo sa ƙaramar giya, don taka birki ba ƙaƙƙautawa na sa shi zafi ya daina kamawa. A hawa cikin cunkoso ja birkin hannu maimakon riƙe motar da kuloci, in ba haka ba za ka ji ƙaurinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne direban ba ya ganin komai sai bangon dutse da bayan motar gabansa.

Inda mota ke da rana shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da jirage suka tsaya, titi ya yi sarari, fakin ya samu. Sai dai a watannin ne ruwan sama ke jawo zaftarewar ƙasa. A Fabrairun 2021 wata ta rufe titin a cikin Amalfi kanta. Yana da kyau ka san hanyoyi biyu na bayan dutse: ta Chiunzi da ke ratsa Tramonti ta sauko Maiori ko Ravello, da ta Agerola da ke saukowa kusa da Amalfi.

Babur

Ana ba da hayar ƙananan babura irin Vespa, galibi masu inji 125, a yuro 40 zuwa 70 a yini. Yana ratsa cunkoso, wurin ajiye shi ba ya wuya, kuma da shi za ka tsaya a gadar Furore ka leƙa kwazazzabon da teku ya shigo ciki, inda mai mota ba ya samun wurin tsayawa. Hular kwano dole ce. Amma nan ba wurin koyo ba ne ko kaɗan. Tsakuwar da ke zubowa daga dutse tana taruwa a kwana, titin na santsi da zarar an yi yayyafi, a ƙananan ramukan da aka huda cikin dutse ido na rikicewa daga haske zuwa duhu, kuma bangon da ke tsakaninka da teku gajere ne. Inshorar tafiya da yawa ba ta biyan kuɗin asibiti in lasisinka bai halatta maka tuƙa babur ba, sai ka karanta takardarka da kyau. Akwati kuwa babu inda za a sa shi.

Shatar direba

Motocin da ke ɗauke da alamar NCC masu lasisin ɗaukar fasinja ne bisa yarjejeniya. Daga filin jirgin saman Napoli zuwa Positano ya haura yuro 100 nesa ba kusa ba, yini guda kuwa ɗaruruwa ne. Dokar lamba ba ta shafe su ba, fakin ba damuwarka ba ce, amma cunkoson da ya tsare kowa zai tsare ku. In mutum shida ko bakwai suka raba kuɗin, nauyin na raguwa sosai. A yi ciniki a rubuce tun kafin ranar, a fayyace awa nawa da tsayawa nawa. Tasi ma ka tambayi kuɗi kafin ka shiga, domin 'yan kilomitocin da ke tsakanin Amalfi da Ravello kan ci gomman yuro.

| Abin hawa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Inda yake kaiwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Jirgin ruwa | Matsakaici | Afrilu zuwa Oktoba, iska na tsayar da shi | Mai sauƙi, har da kaya | Kaɗan | Garuruwan bakin ruwa kawai |
| Bas | Mafi araha | Duk shekara, amma tana cika | Wahala a lokacin cunkoso | Jiri, ɓata lokaci | Kusan ko'ina |
| Hayar mota | Mai tsada in an haɗa fakin | Dokar lamba na taƙaita ta | Sai gwanin tuƙi | Ƙarzuwa, tara | Ko'ina, in an samu fakin |
| Babur | Matsakaici | Sai ranar da babu ruwa | Ba ya ɗaukar kaya | Mafi girma | Ko'ina |
| Shatar direba | Mafi tsada | Duk shekara | Mafi sauƙi | Kaɗan | Ko'ina |

Akwai kuma ƙafa, wadda a wasu wuraren ta fi duka biyar ɗin. Daga Amalfi zuwa Atrani minti goma ne. Tsakanin Minori da Maiori akwai Sentiero dei Limoni, hanyar da ke ratsa gonakin lemun tsami da aka yi hawa-hawa a jikin dutse, tafiyar kimanin awa ɗaya. Hanyar kan dutse ta Sentiero degli Dei kuwa tana farawa daga Bomerano a Agerola ta ƙare a Nocelle, awa uku ko ƙasa da haka, sannan matakala fiye da 1,500 kafin a sauko Positano. Mai ciwon gwiwa ya hau ƙaramar bas daga Nocelle.

Wanne ya dace da wa

Mai zuwa karon farko tsakanin Mayu da Satumba, na kwana uku zuwa biyar, ya sauka a Amalfi, Atrani, Minori ko Maiori, ya riƙi jirgin ruwa, ya bar bas don hawa Ravello da Agerola kawai. Daga Amalfi yake hawanta tun tana fanko, wannan kaɗai ya raba shi da rabin wahalar.

Mai lissafin aljihu ya kwana a Salerno. Babban birni ne mai masaukai masu rangwame, jiragen ƙasa masu gudu na Frecciarossa da Italo na zuwa daga Rum kai tsaye, kuma daga nan bas da jirgin ruwa duk suke tasowa. Wanda ke son haɗawa da Pompei da Capri, Sorrento ta fi masa, saboda jirgin ƙasa na Circumvesuviana da ke tsakaninta da Napoli yana tsayawa a bakin kangon Pompei.

Iyali mai ƙananan yara ko dattijo ya zaɓi Maiori. Garin a shimfiɗe yake, bakin ruwansa ya fi na kowane gari a gaɓar tsawo, kusan kilomita ɗaya, ana iya tura keken yaro ba tare da ɗaga shi ba. Gine-ginensa ba su kai na maƙwabta tsufa ba saboda an sake gina yawancinsa bayan ambaliyar 1954. Irin wannan iyalin su yi shatar direba ranar isowa da ranar komawa, sauran kwanakin su bi ruwa. In kuma zuciya ta nace sai Positano, a tambayi otal matakala nawa ke tsakanin titi da ƙofarsa kafin a biya, a kuma tanadi kuɗin 'yan dako, domin da akwati-akwati suke caji.

Mota ta mai zuwa ne a hunturu, ko wanda ya kama masauki mai wurin fakin a Ravello, Tramonti ko Agerola, ko mai niyyar zarcewa kudu zuwa kangon tsohon garin Paestum. Babur na wanda ya riga ya goge ne a kan titin dutse, shi kaɗai ko su biyu, ba kaya.

Mai yini ɗaya tak daga Napoli ko Rum ya hau jirgin ƙasa na sassafe zuwa Salerno, ya taka zuwa Concordia, ya bi ruwa zuwa Positano tun rana ba ta yi zafi ba, ya dawo Amalfi da azahar. In lokaci ya rage ya hau Ravello ya ga lambunan Villa Rufolo. Tikitin komawa Salerno ya saye shi tun da safe, kuma ya zaɓi jirgin da ke gaban na ƙarshe, don in aka soke shi ko ya cika akwai sauran ɗaya kafin a koma ga bas.